Hoton Jerin Gwanon Dare a Disneyland

Tambaya: Malam, na kai yarana Disneyland ta Tokyo, wurin shaƙatawa da wasanni a Japan. Na ɗauki jerin gwanon motocin fitilu da dare, hotunan duk suka fito dishi-dishi. Ina gyaran yake?
Mai karatu, Zariya

Amsa: Hajiya, fara kashe filasha. Haskenta ba ya isa motar, ƙeyar na gabanki kawai yake haskawa. Motocin tafiya suke, don haka saita saurin ɗauka a 1/250 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin karɓar haske) a 3200, buɗin idon kyamara a f/2.8. In waya ce, guji tsarin dare: yana jan daƙiƙoƙi, mai motsi ya narke. Ni nakan je da wuri in zauna a bakin kwana, inda motar ke tunkaro ni. Rage hasken kaɗan, kada fitilun su yi fari fat.