Kamfani ya ce a kai mota a sauya batir, alhali lafiyarta ƙalau

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Motarka irin mai shan fetur ce kuma ana jona ta a caji, kamfani ya aiko maka da wasiƙa ka kai a sauya babban batirinta kyauta, kai kuma kana ganin me zai sa a taɓa abin da bai lalace ba. Ni ma haka na ce da tawa wasiƙar ta iso, har na yi makonni ina jan ƙafa. Don Allah ka kai ta.

Ciwon wannan batir ba ya nunawa a tuƙi. A cikinsa akwai ƙwayoyin lithium da yawa, kowace da wani siririn shamaki da ke raba ɓangarorinta biyu. Idan ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya shiga tun a masana'anta, ko shamakin ya samu rauni, wata rana sai wuta ta haɗu a ciki, ƙwayar ta ɗau zafi, ta kunna ta kusa da ita, haka har ya zama gobara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yana iya faruwa mota na ajiye, an kashe ta, mutanen gida suna barci. A 2020 Ford ta sanar za ta sauya batiran motocin Kuga masu caji a Turai saboda gurɓatar ƙwayoyi, BMW ma ta kira nata motocin a kai su gyara a shekarar. A 2022 Chrysler ta ce wa masu motar Pacifica mai caji ƙirar 2017 da 2018 su daina caji, su riƙa ajiye ta nesa da gini.

Saboda haka ka sake karanta wasiƙar, ka ga abin da aka ce ka yi kafin ranar gyara. Ni an hana ni caji. Wayar cajin na naɗe na jefa a but, na koma shan mai zalla, motar kuma ta riƙa kwana a fili. Na ji jiki wajen mai, amma ban ƙara kwantar da ita kusa da ɗakin yara ba.

Inda za ka buɗe ido shi ne wurin dila. Ba kowane kira ne ke ƙarewa da sabon batir ba. Sau da yawa manhaja suke fara sabuntawa, ta riƙa sa ido kan ƙwayoyin, sai ta gano matsala a sauya. Wani lokacin ma manhajar tana hana batir cika sosai, ka ga tafiyar da kake yi da caji ta ragu. Ka tambaye su ƙarara: batirin gaba ɗaya za a cire, ko wani sashe, ko manhaja kawai? Sabo ne ko gyararre? Garantinsa daga yau zai fara, ko ragowar na da ne? A rubuce nake nufi, ba da baki ba. A Amurka garantin irin wannan batir yawanci shekara 8 ne ko mil 100,000, kai ma ka duba naka.

Kafin ka je, ka sa lambar motarka ta VIN, mai haruffa da lambobi 17, a shafin kamfanin ka tabbatar kiran na gaske ne. Kuma kada ka bar bakaniken da bai koyi aikin ba ya taɓa wayoyin nan masu launin ruwan lemo, wutar cikinsu kan kai volt 300 zuwa 400. Ranar da na karɓi tawa, sai da na sa aka rubuta mini lambar sabon batirin a takardar aikin kafin na sa hannu.