Me ya sa wake ke daɗewa bai nuna ba a Jos?

Malama, kin ce tun da kika taso daga Legas kika dawo Jos, wake ke cinye miki gas kafin ya nuna, har kin fara zargin mai sayar miki da shi. Ki wanke shi daga zargi, tudun garin ne.

Iskar da ke kanmu tana da nauyi. A bakin teku tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Jos kuwa tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka iskar da ke samanta ba ta kai ta Legas yawa ba, dannawarta ta ragu da kusan kashi 13 cikin 100.

Ruwa ba ya tafasa sai tururinsa ya yi ƙarfin ture iskar da ke danne shi. A Legas sai ya kai digiri 100, a nan kuwa wajen digiri 96 ya isa. Kuma da zarar ya tafasa, zafinsa ya tsaya ke nan. Ko kin ƙara wuta, tururi kawai za ki ƙara, gas ɗinki na tafiya a banza. Digiri huɗun nan kamar ba komai ba ne, amma wake da ganda suna jin sa sosai.

Ni dai tukunyar matsi nake ba ki shawara, mai murfin nan da ke kulle tururi yana huci. Matsin cikinta kan kai ruwa kusan digiri 120. In babu, ki jiƙa waken tun dare.