Janyewar ruwan dam da ƙarancin kifi

Ka tambaya ko sakin ruwan dam don noman rani ne ya sa kifi ya yi ƙaranci a komarka. E, yana cikin manyan dalilai, sai dai illar ba nan take ta ke bayyana ba. Da farko ma kamu ƙaruwa yake, don kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage. Sai shekara ta zagayo a ga babu.

Abin da na lura, karfasa a bakin gaɓa take yin gurbi ta hayayyafa. In ruwa ya ja da sauri, gurbin ya bushe, 'ya'yan kifi su rasa ciyawar ɓuya, tsuntsaye da manyan kifi su cinye su. Don Allah a irin wannan lokaci ka ajiye raga mai ƙananan ido.