Tambaya da Amsa: Alama na nutsewa amma ba kifi

Tambaya: Salam Malam, na fara kamun tirawut, wani kifin ruwan sanyi, a rafi da ƙugiyar nan mai kama da tsutsar ƙwaron ruwa, wato nimf, na ɗaura wa zaren alama mai yawo a saman ruwa don ta nuna min in kifi ya kama, amma in ta nutse na ja sai wayam. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Toh yawanci jinkiri ne. Tirawut yana cafke nimf, da ya ji ba abinci bane nan take zai tofar, saboda haka kar ka tsaya jiran alamar ta nutse gaba ɗaya, ko tsayawa tayi ko ta ɗan karkace ko ta girgiza kaɗan, ɗaga sandar kawai, a hankali dai, don zaren ƙarshen siriri ne zai iya tsinkewa.

Sai zurfi, nan mutane da yawa ke faɗuwa gaskiya. Kifin nan kusa da ƙasan ruwa yake kiwo, don haka tazarar alama zuwa ƙugiya ta kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi zuwa biyu, in ruwan na gudu sosai ƙara 'yar dalma. In nimf ɗinka baya taɓa ƙasa jifa-jifa to bai sauka ba.

Kuma ruwan sama yafi na ƙasa gudu, ka riƙa mayar da zaren ta inda ruwa ke tahowa don kar alamar ta riƙa jan nimf ɗin.