Ɗanyen abinci da kasala: me zan saya, me zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Yelwa, cikin garin Bauchi, shekaruna 34. Mako shida ke nan na daina cin duk abin da ya hau wuta don in rage ƙiba. Da safe kankana da gwanda, da rana kokwamba da kabeji da karas, da dare ayaba. Na zubar da kilo biyar, amma yanzu kafin ƙarfe sha ɗaya jiri ke ɗibata a gaban allo, ƙafafuna kamar an ɗaura musu dutse. Wata ƙawata ta ce in sayi injin matse ruwan 'ya'yan itace, wata kuma tana tallar garin spirulina, wani koren tsiron ruwa da ake busarwa. Kuɗina ba zai kai duka biyun ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna, kada ki sayi ko ɗaya. Abin da na fi zato yunwa ce ke cin ki, sai dai irin yunwar da ke ɓuya a bayan cikakken ciki.

Bari mu yi lissafi, tunda ke mai allo ce. Mace mai aiki a tsaye tana bukatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 2,000 a yini. Giram 100 na kankana kalori 30 ne kawai, na kokwamba 15, na ayaba kusan 90. Idan kankana za ta ɗauki nauyin yininki, sai kin ci fiye da kilo shida. Wane ciki ne zai ɗauki wannan? Ruwa da ɗusa ne ke cika ki, ki ji kamar kin ƙoshi, alhali jiki bai samu abin da zai ƙona ba. Ga shi kuma a duk jerin da kika kawo ban ga mai ba, ban ga abin gina jiki ba. Kilo biyar ɗin da kika zubar ba duka kitse ba ne, har da tsoka a ciki, shi ya sa ƙafafun suka yi nauyi.

Injin matse ruwa ƙara miki matsalar zai yi. Yana zubar da ɗusar, ya bar miki ruwan zaƙi zalla, wanda zai ɗaga ki na ɗan lokaci sannan ya sake ki kafin a tashi tara. Idan har inji za ki saya, bilenda ta fi, domin da ita za ki markaɗa aya da dabino da kwakwa, ki haɗa ayaba da gyaɗa. Spirulina kuwa, masu tallarta kan ce tana da bitamin B12, wanda jiki ke bukata wajen haɗa jini, amma yawancin abin da ke cikinta mai kama da B12 ne, jikin mutum ba ya amfana da shi.

Da ni ce ke, kuɗin nan kashi biyu zan yi. Kashi na farko asibiti: ki je a duba yawan jininki, a yi gwajin maleriya da na suga. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar mace marar ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan ma'aunin himoglobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12. Mace mai al'ada tana rasa jini duk wata, kuma sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, na cikin ganye ba ya shiga jiki kamar na nama da hanta. Abin da ke taimaka masa shi ne bitamin C, irin na goba da lemo, abin da ke tare shi kuma shayi ne idan an sha tare da abinci. B12 kuwa hantar mutum kan ajiye na shekaru, don haka a mako shida da wuya ya zama shi ne, amma idan kika daɗe babu nama, babu ƙwai, babu madara, to tilas ki nemi ƙwayar B12 a kemis, mai lambar NAFDAC.

Kashi na biyu ki shiga da shi kasuwar Muda Lawal ko Wunti. Gyaɗa da riɗi kowanne ya haura kalori 550 a giram 100, dabino wajen 280, fiya 160. Tafi ɗaya na gyaɗa ya fi rabin kilon kankana riƙe ciki. Sai dai ki zaɓi gyaɗar da kyau: duk wadda ta yi fumfuna, ta motse, ko take ɗaci, ki zubar, saboda gubar aflatoksin da ke lalata hanta. Ki kuma guji kankanar da aka yanka aka bari a tire, ki wanke ganye da ruwa mai tsafta, ki fere duk abin da ake ferewa. Ba mu manta kwalarar 2021 ba, Bauchi na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Ga maganar da na fi so ki ji. Ki dawo da tukunya, ko sau ɗaya a rana. Faten wake, dafaffen ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kifi, ɗan tuwo daidai misali. Wuta ba maƙiyiyar abinci ba ce. Ita ke sassauta sitaci har jiki ya iya narkar da shi, kuma tumatir da karas sun fi ba da wasu sinadaransu idan sun dahu da ɗan mai. Wani bincike da aka yi a Giessen ta Jamus, aka buga a 1999, ya gano cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na matan ƙasa da shekara 45 da suka daɗe kan ɗanyen abinci al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Idan kin ga taki ta fara wasa, ko zuciya na bugawa da sauri, ko kika faɗi, kada ki jira ƙarshen wata, ki tafi asibiti ranar. Idan kuma akwai ciki ko goyo, wannan tsarin ba naki ba ne sam.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina zaune a Azare, shekaruna 58. Ɗana ya kawo min wannan tsarin daga intanet. Tun da na fara nake gumi da karkarwa da hantsi. In sayi lemon ƙara kuzari na gwangwani?

Amsa: Baba, don Allah kada ka saya, suga ne da sinadarin hana barci, ba magani ba. Gumi da karkarwa ga mai shan maganin suga, wanda kuma ya rage abinci, alama ce ta sugan ya yi ƙasa, musamman idan kana allurar insulin ko shan glibenclamide. Wannan yana iya kai mutum ga suma. Abin saye a nan shi ne na'urar auna suga ta gida da tsinkayenta. Idan ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, ka sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa nan take, ka sake aunawa bayan minti 15, sannan ka ci abinci. Ka koma wurin likitanka cikin makon nan ka gaya masa duk abin da ka sauya, shi zai daidaita maganin. Idan ka daɗe kana shan maganin suga na metformin, ka roƙe shi a duba maka B12, domin maganin kan rage shi. Ɗanka alheri ya nufa, ka tafi da shi ya ji bayanin da kunnensa.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Gwallameji. Zan iya jiƙa wake in ci ɗanye, in sha ɗanyen ƙwai da madarar shanu da ba a tafasa ba, don in samu ƙarfi?

Amsa: A'a ƙanena, duka ukun. Ɗanyen wake na da sinadaran da ke murɗa ciki, sai dahuwa ke kashe su, haka ma rogo, wanda ɗanyensa ke ɗauke da guba. Ɗanyen ƙwai kuwa asarar kuɗi ce: wajen rabin abin gina jikin da ke cikinsa ne ke shiga jiki, alhali dafaffe ya kai kashi 90, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cutar gudawa. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin shanu da cutar bakkale, wani zazzaɓi da ake ɗauka daga dabbobi. Ka tafasa ta, ka dafa ƙwai biyu tun da dare, ka zuba gyaɗa da dabino a jakar lakca.