Karen Bana da Zomon Bana: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu daga Gumel ya rubuto yana tambaya: "Malam, maharbi da mafarauci abu ɗaya ne? Kuma me ake nufi da karen bana shi ke maganin zomon bana?"

Ba ɗaya ba ne, ko da yake bakin mutanen birni ya fara cakuɗa su. Maharbi daga harbi ya samo suna. Shi kaɗai yake shiga daji da kwari da baka, ko da bindigar harba-ka-ruga, yana sanɗa, wani ma har ya ɗaura kan burtu a goshi don namun daji su ɗauka tsuntsu ne. Irin wannan aiki haushin kare ɓata shi yake yi. Mafarauci kuwa a taro yake fita, galibi da rani bayan an kawar da amfanin gona, da kiɗa da busar ƙaho da kulake, kuma karensa shi ne kwarinsa, shi ne bakansa.

A wannan dajin aka haifi karin maganar da ka tambaya. "Magani" a nan ba na sha ba ne, yana nufin wanda ya fi ƙarfin abu, kamar yadda ake cewa wane maganin wane ne. Zomo akwai zilliya, tsohon kare kuwa ƙafa ta yi nauyi, sai matashi ɗan'uwansa ne zai kamo shi. Wato rikicin zamani sai ɗan zamani. Amma duba inda yabon ya faɗa. Ba a ce mafaraucin bana ba, karen aka ambata, domin masu abin sun san wa ya yi gudun.

Ina yaro muna da maƙwabci mafarauci. In ya dawo da yamma, ba ya kai ruwa bakinsa sai ya zuba wa karnukansa nasu a kasko. Daga nan ya zauna a dakali, ya ɗora ƙafar karyarsa a cinya, yana zare mata ƙaya ɗaya bayan ɗaya, yana yi mata kirari a hankali. Kayan cikin zomo nata ne, ba mai taɓawa. Ranar da maciji ya sare ta, a kafaɗa ya ɗauko ta har gida, kuma daren nan an mayar da tuwonsa yadda aka kawo shi. Af, masu rubutu ku kula da ƙugiya: karya ita ce macen kare, ƙarya kuwa kishiyar gaskiya.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce tana jin ana kiran wasu "karnukan farautar 'yan siyasa", shin zagi ne?

Zagi ne, malama, mai zafi ma. Ana nufin wanda ake sakawa ya ci mutuncin wani don a jefa masa ɗan abin da ya rage. Hausar gari ba ta raga wa kare ba, ga "kashin kare ba ya taki", ga "kare ka mutu da haushin kura". Sai dai wannan zagin yana yi mini ciwo, don an ɗauki sunan dabba mai amana an liƙa wa marar kunya. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Ma'ida aya ta 4, ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mai shi in an ambaci sunan Allah, hadisi kuma ya yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Na zauna da mafarauta da dama, na ji faɗansu a kan rabon nama, amma ban taɓa jin ɗayansu ya zagi mutum da sunan karen farauta ba.