Abin da ya mayar da Achebe zamanin kakanninsa

Yarona, bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya karatu? Saƙonka ya iso. Ka ce kun karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe a makaranta, abin ya ɗaure maka kai: mutum ɗan boko, ɗan malamin coci, me ya kai shi tono zamanin tsafi da zubar da tagwaye? Har ka tambaye ni ko irin wannan al'ada ba gara a binne ta a huta ba.

Chinua Achebe ya yi rubutu kan zamaninsa ma. Littafinsa na 1966 kan 'yan siyasa ne. Amma komawarsa baya tana da mafari. An haife shi a Ogidi a 1930, ya tashi a gida mai ƙofa biyu: mahaifinsa ya karɓi Kiristanci, wasu cikin dangi kuma suna nan kan addinin gargajiya. Da ya shiga jami'ar Ibadan a 1948, cikin littattafan da aka ba su har da Mister Johnson, na wani Bature da ya yi aikin mulki a Borgu, labarin kuma a nan Arewa yake. An zana baƙar fata kamar yaro marar wayo, sai dariya da rawa. Achebe ya duba, bai ga kowa da ya sani a ciki ba. Idan baƙo ya riga ka ba da labarin gidanku, ya ce kafin zuwansa duhu ne kawai, ina za ka fara gyara? Dole ka koma kafin zuwan nasa. Shi ya sa Things Fall Apart na 1958 ya ci fiye da rabinsa a Umuofia, garin Ibo na cikin labarin, ba a ga Bature ba: noman doya, kokawa, biyan sadaki, shari'ar dodanni a dandali.

Ni na ga ɓurɓushin wannan duniya da idona, shekarun da nake kai kaya Anaca. Wani abokin cinikina ya gayyace ni gidansa. Kafin a ce uffan kan abin da ya tara mu, aka kawo goro a ɗan akushin katako, irin nasu mai ɓari uku ko huɗu, ba namu mai biyu ba. Aka zaga da shi kowa ya gani, sannan dattijon gidan ya ɗaga shi ya yi doguwar addu'a da harshen Ibo, domin a cewarsu goro ba ya jin Turanci. Kowa ya san wa zai fasa, wa zai fara ɗauka. Mutanen da suka tsara cin goro haka, ka ce ba su da tsarin rayuwa?

Ni dai Arrow of God na 1964 ya fi taɓa ni. Yawancin garuruwan Ibo ba su da sarki, taron dattawa da masu muƙamin gargajiya ke yanke magana. Turawa sun ga mulki ta hannun sarakuna ya yi musu aiki a wajenmu, sai suka riƙa naɗa musu sarakunan takarda, abin da ya taimaka wajen tunzura boren matan Aba a 1929. A littafin, babban limamin gargajiya Ezeulu ya ƙi sarautar, aka tsare shi. Al'ada ita ce ya ci doya ɗaya mai tsarki duk tsayuwar wata, sai sun ƙare ya sanar da bikin sabuwar doya. Tsarewar ta sa lissafi ya goce, ya kafe sai ya cinye sauran, doya na lalacewa a gona, yunwa ta tura jama'a coci. Ka ga ba Bature kaɗai Achebe ya ɗora wa laifi ba, har da taurin kan na gida.

Batun tagwaye kuwa, bai ɓoye ba, kuma bai yabe shi ba. A Things Fall Apart ya nuna kukan jarirai a daji da wariyar da ake yi wa osu, wato waɗanda aka keɓe wa abin bauta ana ƙyamar cuɗanya da su, suna cikin abubuwan da suka kai mutane ga sabon addini. Zubar da rai ɓarna ce, mu addininmu ya haramta, shi ma bai nemi a dawo da ita ba. Abin da ya ƙi shi ne a haɗa ɓarnar da kyawawan a binne a rami ɗaya, yaron Ibo ya tashi yana jin kunyar kakansa.

In za ka zo hutun Sallah ka taho mini da littafin, nawa an ara ba a dawo da shi ba. Ka gaishe da mahaifiyarka.

Kawunka.